Hoton da za ka tura wa likitan kaji: yadda ake ɗauka, da yadda ake turawa in sabis ya ƙi



Makon jiya wani matashi daga Darini ya turo mini hoto da daddare, ya rubuta: "Malam, kajina suna mutuwa, me zan ba su?" Na buɗe, na ƙara girma, na juya wayar. Duhu ne da hasken tocila, sai wani farin abu a kwance, ban iya gane kaza ce ko leda ba. Broila hamsin ya zuba da kuɗin amfanin gonarsa, huɗu sun riga sun tafi. Sai da muka yi kwana biyu kafin na ga abin da zan iya nuna wa likita.

Wanda ke ƙauyukan Batsari da Safana ya san likitan dabbobi ba kusa yake ba, hanyar ma ba kullum take biyuwa ba. To wayarka ce idon likitan, abin da ka ɗauka shi zai gani.

Ka ɗauki hoto da rana, a inuwa mai haske. Goge gilashin kyamara da bakin riga, kuma kada ka jawo hoton daga nesa, kai ka matsa. Fara da kashi. Na san ba daɗin kallo, amma shi ne ya fi ba da labari. Ɗebi sabo ka ɗora a kan farar takarda don launinsa ya fito. Jini a ciki yakan sa a zargi koksidiyosis. Fari mai ruwa-ruwa a kajin sati uku zuwa shida yakan sa a yi tunanin Gumboro. Kore, ga murɗewar wuya, sai hankali ya tafi ga Newcastle. Bambancin ba ƙarami ba ne: na farkon yana da magani irin amprolium, sauran biyun kuwa bairos ne ke kawo su, antibayotik ba ya kashe su. Filashi da dare yakan canja launi, ya sa ka sayi maganin da ba shi ba.

Bayan kashi, ɗauki kazar gaba ɗayanta, sannan fuska da tsoronta. Sai bidiyon ɗakin na daƙiƙa ashirin zuwa talatin, kana tsaye cak. In kana jin tari ko kakari, bari sai dare ya yi shiru ka naɗi sautin.

Mai tarwada kuma da asuba zai ɗauka, don lokacin ne iskar cikin ruwa ta fi ƙaranci. A ga launin ruwan, a ga ko kifin na rataye a sama yana haki.

Sai turawa. WhatsApp yana matse hoto don ya rage cin data, ƙananan tabo su ɓace. Tun 2023 akwai alamar HD a sama kafin ka tura, danna ta. Ko ka tura shi a matsayin Document, zai isa yadda ka ɗauka. Amma a nan a kula, musamman mu 'yan wannan yanki: hoton da aka tura ta Document yana iya tafiya da bayanin inda aka ɗauke shi, in an kunna Location a kyamara. Shiga saitin kyamara ka kashe. Ni ban ma ba da shawarar ɗora hoton ƙofar gida ko yawan kajinka a guruf da ba ka san mutanensa ba.

In babu sabis fa? Mun gani a Satumbar 2021, lokacin Gwamna Aminu Bello Masari, da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Katsina, har da Batsari da Safana, aka shafe watanni. Xender da Bluetooth ba sa bukatar data ko sabis. Tura wa wanda zai shiga gari ko inda sabis ke kamawa, shi ya miƙa wa likita. Haka bidiyon koyon ba da rigakafin Lasota ko haɗa abinci: mutum ɗaya ya sauke, goma su karɓa. Mai shagon caji da tura fina-finai ma zai zuba maka a memori.

Kada hoton ya tafi shi kaɗai. Rubuta shekarun kajin a sati, yawansu, nawa suka mutu a rana nawa, rigakafin da aka yi da maganin da ka riga ka ba su. Yaron Darini ya manta ya faɗi cewa bai yi Gumboro ba, sai da na tambaya.

In ka wayi gari kaji sun zube da yawa lokaci guda, kai ya kumbura, tsoro ya yi shuɗi, wannan ya wuce aikin hoto. Yana iya zama murar tsuntsaye. Kada ka yanka, kada ka sayar, kada ka farke ciki don ɗaukar hoto. Rufe ɗakin, ka ɗauka daga bakin ƙofa, ka sanar da ofishin dabbobi na ƙaramar hukuma. Su ne za su ɗebi samfuri a kai cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, kusa da Jos.