Miura: Motar da Ta Mayar da Inji Bayan Direba

A yankin Emiliya-Romanya da ke arewacin Italiya, a kewayen biranen Modena da Bolonya, akwai wasu ƙananan garuruwa waɗanda sunayensu suka zagaya duniya saboda motocin tsere da ake ƙerawa a cikinsu. A Maranello ne Enzo Ferrari ya fitar da mota ta farko mai ɗauke da sunansa, 125 S, a shekarar 1947, da inji mai silinda 12 da aka jera layi biyu cikin siffar harafin V. Silinda ita ce ramin da fetur ke ƙonewa a ciki ya tura fistin, kuma idan aka yawaita su aka ƙanƙanta kowace, injin yakan juya da sauri ba tare da jijjiga ba, shi ya sa wannan tsari ya zama abin tinƙahon maƙeran Italiya.

Sai dai har farkon shekarun 1960, motocin da Ferrari yake sayar wa masu kuɗi don hawa kan titi suna ɗauke da injinsu ne a gaba, duk da cewa filin tsere ya riga ya nuna cewa ajiye shi bayan direba ya fi, tun lokacin da motocin Cooper na Ingila suka lashe gasar Formula 1 a 1959. Dalilin kuwa shi ne, inji ya fi komai nauyi a mota, kuma idan ya zauna tsakanin tayoyin gaba da na baya, motar takan ɗauki kwana cikin sauƙi, tayoyin baya kuma su ƙara kama ƙasa.

Wanda ya kawo wannan dabara cikin manyan motocin titi ba ɗan tsere ba ne. Ferruccio Lamborghini, wanda ya yi arzikinsa da ƙera taraktocin noma, ya kafa kamfaninsa na motoci a Sant'Agata Bolognese a 1963, kuma matasan injiniyoyinsa, Giampaolo Dallara da Paolo Stanzani, su ne suka tsara motar da aka nuna ƙashinta tsirara a baje kolin Turin na 1965. A shekara mai zuwa ta bayyana a Jeneba sanye da bodin da Marcello Gandini na kamfanin Bertone ya zana, aka raɗa mata suna Miura, sunan wani gida da ya shahara da kiwon bijiman faɗa a Sifaniya.

Matsalar da injiniyoyin suka fuskanta ita ce tsawo, domin inji mai silinda 12 idan aka shimfiɗa shi daga gaba zuwa baya zai miƙar da motar fiye da kima. Saboda haka suka gicciya shi, suka haɗa shi da akwatin giya a cikin ƙwarya ɗaya, har su biyun suna shan baƙin mai guda, abin da ba ya yi wa kowannensu daɗi, tunda ɓarɓashin ƙarfen da giya ke zubarwa yakan bi mai ya shiga inji. Sai a kan samfurin SV, wanda ya fito a 1971, aka soma raba su. Injin mai kusan lita 4 yana ba da ƙarfin doki 350, kafiretocinsa na Weber kuma suna zuƙar iska dab da ƙeyar direba, gilashi kawai ya raba su, don haka zafi da ƙara ba sa barin mai tuƙi ya huta. Akwai kuma aibin da ya fi wannan haɗari: tankin mai yana gaba, kuma yayin da fetur ke raguwa hancin motar yakan yi sauƙi, sitiyari ya saki a tsakiyar gudu.

Duk da haka, tsarin ya yi rinjaye. Ferrari ya amsa da Daytona a 1968, ita ma da inji a gaba, kuma sai a 1973, shekarar da aka daina ƙera Miura bayan an yi ƙasa da guda 800, ya fara sayar da Berlinetta Boxer mai silinda 12 a bayan direba.