Gajarta a Matsayin Batun Insha'in Neman Shiga Jami'a a Amurka

1. Gabatarwa

A ƙasar Amurka, sakamakon jarrabawa kaɗai ba ya isar ɗalibin da ke neman shiga manyan jami'o'i. Ana kuma buƙatar ya rubuta ɗan gajeren insha'i a kan rayuwarsa, domin masu tantancewa su san wane irin mutum ne. Ɗalibai sukan sha wuya wajen zaɓen abin da za su yi rubutu a kai, har wasu su yi tunanin ɗaukar wata siffa ta jikinsu. Wannan takarda za ta duba ɗaya daga cikin irin waɗannan siffofi, wato gajarta, ta nuna lokacin da zaɓen ta yake amfanar ɗalibi da lokacin da yake cutar da shi.

2. Yadda insha'in yake

Ɗalibai da yawa suna amfani da takardar nema ta bai-ɗaya mai suna Common Application. Makarantu 15 ne suka fara ta a shekarar 1975, yanzu kuwa fiye da 1,000 suke karɓar ta. Insha'in ba ya gaza kalmomi 250, ba ya kuma wuce 650. Ana ba ɗalibi tambayoyi bakwai ya ɗauki ɗaya. Akwai wadda ta shafi asalinsa ko wani abu da ya bambanta shi da saura, akwai wadda ta shafi wata matsala da ya fuskanta da darasin da ya koya, ta ƙarshe kuma ta sakar masa mara ya zaɓi abin da ya ga dama. Ashe ke nan babu dokar da ta hana rubutu a kan gajarta.

Sai dai gasar tana da zafi. A shekarar 2022, mutane fiye da 60,000 suka nemi shiga jami'ar Harvard, amma waɗanda aka ɗauka ba su kai 4 cikin 100 ba. Mai tantancewa yana da tarin takardu a gabansa, kuma ƴan mintoci kaɗan yake ba kowace. Ɗalibin da ya ɓata kalmominsa 650 ya rasa wata babbar dama ta yin magana da bakinsa.

3. Gajarta ba ƙaramin batu ba ne

Matsakaicin tsawon namiji a Amurka kimanin santimita 175 ne, na mace kuwa kimanin 161. Wanda ya gaza haka sosai yakan ji a jikinsa. A shekarar 2004, wasu masana biyu, Timothy Judge da Daniel Cable, sun wallafa binciken da ya nuna cewa ƙarin inci ɗaya na tsawo, wato santimita biyu da rabi, yana tafiya da ƙarin kimanin dala 789 a albashin shekara. Jihar Michigan tana da dokar 1976 da ta haramta nuna wa ma'aikaci bambanci saboda tsawonsa ko nauyinsa, birnin New York ma ya kafa irin wannan doka a 2023. Saboda haka ɗalibin da ya ce gajarta ta taɓa rayuwarsa yana da hujja.

4. Inda ake tuntuɓe

Kuskure na farko shi ne ƙorafi. Ɗalibi ya cika takarda da labarin yadda ake yi masa ba'a, da yadda aka ƙi sa shi a ƙungiyar ƙwallon kwando, mai karatu ya gama bai san kome game da hankalinsa ba. Na biyu shi ne barkwanci marar makoma: taka kujera don ɗauko kwano, ko tsayuwa a sahun gaba duk lokacin ɗaukar hoto. Dubban gajeru za su iya faɗin haka. Na uku shi ne rufewa da hikimar da kowa ya haddace, kamar a ce "na koyi son kaina yadda nake", ba tare da an nuna yadda aka yi aka koya ba.

5. Batu da jigo

A nan ne bambancin batu da jigo yake da amfani. Batu shi ne abin da ake magana a kai, jigo kuwa shi ne saƙon da ake son mai karatu ya tafi da shi. Gajarta tana iya zama batu, amma jigon dole ya fito daga halin ɗalibin da aikinsa.

Rayuwar Robert Reich ta nuna haka. Shi ne ministan ƙwadago na Amurka daga 1993 zuwa 1997, a gwamnatin Bill Clinton, kuma tsawonsa kimanin santimita 150 ne saboda wata lalurar ƙashi. Ya sha ba da labarin cewa yana yaro ana cin zalinsa, har yakan raɓi manyan yara don su kare shi. Ɗaya daga cikinsu shi ne Michael Schwerner, wanda ƴan ƙungiyar Ku Klux Klan suka kashe a jihar Mississippi a 1964, tare da abokan aikinsa biyu, lokacin da suke fafutukar ganin baƙar fata sun sami damar jefa ƙuri'a. Reich ya ce wannan kisa ne ya sa ya ƙudura tsaya wa marasa ƙarfi. A wannan labari gajarta ce batu, jigon kuwa shi ne yaƙi da zalunci.

A kwatanta waɗannan jimloli biyu na misali:

(a) Ni ne mafi gajarta a ajinmu, kuma abin yana damuna ƙwarai.

(b) Da yake ba a hango ni daga bayan aji, sai na koyi shirya tambayata da kyau tun kafin in ɗaga hannu.

Jimla ta (a) ta tsaya a kan siffa. Ta (b) ta ɗauki siffar ta kai mu ga wata ɗabi'a da malamin jami'a zai so ya gani a ɗalibinsa.

6. Kammalawa

Ɗalibi zai iya gwada insha'insa ta hanya mai sauƙi: ya soke duk jimlar da ta ambaci tsawo, sannan ya karanta abin da ya rage. Idan har mai karatu zai ga mutum mai tunani da himma, batun ya yi. Idan takardar ta koma fanko, gara ya nemi wani. Hausawa dai sun ce kome tsawon wuya, kai ne bisa.

Aiki: Zaɓi wata siffa taka, ka rubuta sakin layi ɗaya a kanta, sannan ka fitar da batunsa da jigonsa.