Kyanwar Rumbu da Awon Ciki: Batun Cutar Toksoplasma a Dandume

A Dandume, inda masara ke cika rumbuna da sito bayan kaka, kyanwa ma'aikaciya ce, ita ke hana ɓera ɓarna. Sai dai a hanjinta ne ƙwayar cutar toksoplasma ke hayayyafa. Charles Nicolle da Louis Manceaux suka gano ƙwayar a Tunis a 1908, amma sai a 1970 aka tabbatar da rawar da kyanwa ke takawa. Idan ta ci ɓera mai cutar, takan yi mako 1 zuwa 3 tana fitar da miliyoyin ƙwayaye a kashinta, kuma suna iya shekara a ƙasa mai danshi. Daga nan sai su gurɓata latas da karas na fadama, rijiya marar murfi, da naman awaki da tumakin da suka yi kiwo a wurin.

Galibin masu kamuwa ba sa ma sani. Haɗarin na kan wadda ta fara kamuwa tana da juna biyu. A farkon ciki ba kasafai cutar ke ratsa mabiyiya ba, amma in ta ratsa takan jawo ɓari, taruwar ruwa a kan jariri, ko lalacewar ido. A watannin ƙarshe ta fi saurin ratsawa, lahanin kuma ya fi sauƙi, ko da yake matsalar ido na iya ɓullowa bayan shekaru.

Faransa ta zaɓi gwajin jini: tun 1992, mai cikin da ba ta taɓa kamuwa ba ana gwada ta duk wata, in ta kamu a ba ta maganin spiramycin. Ingila da Amurka, duk da kuɗinsu, ba sa yi wa duk masu ciki gwajin, domin gwajin jini na IgM kaɗai yakan nuna cutar da ta daɗe da wucewa, ya tayar wa mace da hankali a banza.

A awon cikinmu ana duba yawan jini, fitsari, kanjamau da ciwon hanta. Toksoplasma ba ta cikin jerin. A ganina, tsarin Faransa ba namu ba ne yanzu, a wurin da mata da yawa ba sa fara awo sai ciki ya fito. Wadda hoton cikinta ya nuna alama, ita ya kamata a tura Funtua ko asibitin koyarwa na Shika a Zariya don cikakken gwaji.

Sauran aikin na bakin ungozoma ne ranar awo. Kada a kori kyanwa, ɓeraye ne za su ji daɗi. Kashinta ba ya zama haɗari sai ya kwana aƙalla ɗaya, don haka a kwashe shi kullum, kuma ba mai ciki za ta kwashe ba. Maigida mai sayo tsire da balangu ya tabbatar sun gasu har ciki, a wanke ganye sosai, a tafasa nonon akuya, a kuma wanke hannu da sabulu bayan yanka nama ko aikin gona.