Abincin makaranta daga gonakin kusa: abin da ya kamata iyaye su sani

Yaron da ke firamare yakan shafe awa biyar zuwa shida a makaranta, kwana biyar a mako. Abin da ya ci a wannan lokaci, ko abin da ya rasa, yana bayyana a jininsa, da girmansa, da yadda yake ɗaukar karatu. A asibiti ana yawan kawo yara da koken kasala, ko barci a aji, ko rashin gane karatu, sai gwaji ya nuna jininsu ya yi ƙasa. Da yawansu ba da yunwa suke kwana ba. Suna cin tuwo su ƙoshi, sai dai abincin iri ɗaya ne kullum, babu wasu sinadarai da jiki ke buƙata.

Yawancin abin da zai cike wannan giɓi ana noma shi a kusa da ku. Wannan bayani zai nuna muku yadda makaranta za ta amfana da manoman yankinta da kuma ɗan lambu, da abubuwan da za ku sa wa ido don kada abincin ya zama sanadin cuta.

Yunwar da ba a gani

Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a Najeriya a shekarar 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, kuma kashi 68 cikin 100 na masu wata 6 zuwa 59 suna da ƙarancin jini. Waɗannan yaran ne ke shiga aji ɗaya, kuma da matsalar suke shiga.

Abubuwa uku ne suka fi yawan ƙaranci a abincinsu. Na farko sinadarin ƙarfe, wanda da shi jiki ke haɗa jan jinin da ke kai iska ga ƙwaƙwalwa da sauran gaɓoɓi. Idan ya yi ƙaranci, yaro zai riƙa saurin gajiya, hankalinsa ba zai tsaya wuri ɗaya ba. Na biyu bitamin A, mai kare ido da ƙarfafa garkuwar jiki. Alamar farko ta ƙarancinsa ita ce dundumi, wato yaro ya kasa gani sosai da zarar magariba ta yi. Na uku sinadarin gina jiki, wanda ake samu a wake, gyaɗa, ƙwai, kifi, nama da nono.

Tsumburewa takan faru ne tun daga ciki har zuwa shekara biyu, kuma abincin makaranta ba zai dawo da duk tsayin da aka rasa ba. Amma ƙarancin jini da na bitamin A suna gyaruwa a kowace shekara yaro yake.

Me ake nufi da haɗa makaranta da gona?

Tsari ne mai ƙafa uku: makaranta ta ciyar da ɗalibai, ta sayi kayan abincin daga manoman yankin, sannan ta koya wa yara noma da ilimin abinci a lambunta.

A Barazil, wata doka ta shekarar 2009 ta wajabta a kashe aƙalla kashi 30 cikin 100 na kuɗin ciyar da ɗalibai wajen sayen amfani daga ƙananan manoma. Ghana ta fara nata shirin a 2005. A Najeriya ma an gwada shi a wasu jihohi a 2005, jihar Osun ta ɗore da nata, sannan a 2016 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin ciyar da 'yan aji ɗaya zuwa uku na makarantun gwamnati, a kan naira 70 ga kowane yaro a rana. Shirin ya sha tsaiko, kuma tsadar kaya ta cinye darajar kuɗin. Don haka bai kamata iyaye su naɗe hannu suna jiran gwamnati kaɗai ba. Makarantar kuɗi, da Islamiyya, da makarantar allo duk za su iya yin nasu daidai ƙarfinsu.

Amfanin sayayya a kusa a fili yake. Ganye yana rasa bitamin C da zarar an cire shi ya fara yaushi, don haka wanda aka ciro da safe ya fi wanda ya kwana a mota. Kuɗin dako yana raguwa. Kuma kun san manomin, za ku iya tambayarsa ruwan da yake ban ruwa da shi da maganin da yake fesawa.

Me ya kamata a gani a kwanon yaro?

A kowane ci a nemi abu uku: mai ƙosarwa, mai gina jiki, da ganye ko ɗan itace. Ba sai an nemi abincin waje ba.

- Shinkafa da wake, da alayyahu da ɗan manja.
- Faten tsaki ko na wake mai yakuwa, rama ko alayyahu.
- Kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli da tumatir.
- Alala, ƙosai ko awara, tare da kunun gero ko na gyaɗa.
- Dafaffen ƙwai, ko ɗan busasshen kifi a miya, ko da sau biyu a mako.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar yaro mai shekara 6 zuwa 9 ya ci aƙalla giram 350 na kayan lambu da 'ya'yan itatuwa a rana, mai shekara 10 zuwa sama kuma giram 400.

Yadda aka haɗa abincin ma yana da tasiri. Sinadarin ƙarfen da ke cikin wake da ganye ba ya shiga jini da sauƙi kamar na nama. Bitamin C yana taimaka masa, don haka a haɗa da lemu, gwaiba ko ɗanyen tumatir. Shayi kuwa yana hana shi shiga, saboda haka a ba da tazarar kamar awa ɗaya tsakanin shayi da abinci. Bitamin A da ke cikin karas, kabewa, mangwaro, gwanda da dankalin Hausa mai jan ciki yana buƙatar ɗan mai kafin hanji ya tsotse shi. Kada a dafa ganye har ya yi lugub. Gishiri kuma a sa mai sinadarin aidin, don kariya daga maƙoƙo.

Me lambu zai yi, me ba zai yi ba?

Ɗan fili a bayan aji ba zai ciyar da ɗalibai ɗari biyar ba. Hatsi da wake daga manoma za su zo. Aikin lambu shi ne samar da ganyen miya, da kuma koyarwa. Yaron da ya shuka alayyahu, ya ba shi ruwa, ya cire da hannunsa, ya fi saurin yarda ya ci, kuma yakan kai abin da ya koya gida. A nan ne zai ga lissafin faɗi da tsawo, ya ga yadda iri ke tsirowa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

A zaɓi abin da ke zuwa da wuri. Alayyahu yakan isa cira a cikin mako huɗu zuwa biyar, wato kafin zangon karatu ya ƙare. Zogale yana jure fari, ana ta cirarsa shekara da shekaru. Inda babu fili, a yi noman buhu. A kuma tuna cewa dogon hutu yakan faɗo a tsakiyar damina, don haka a san wanda zai kula da shukar tun kafin a rufe makaranta. Aikin kuma ya zama darasi na ɗan lokaci da sanyin safiya, kada ya zama horo.

Haɗurran da za ku sa wa ido

Kasancewar abinci daga gonar kusa ba ya nufin ba shi da illa.

*Fumfuna a gyaɗa da masara.* Idan ba su bushe sosai ba, ko aka ajiye su a wuri mai laima, sukan yi fumfuna mai fitar da gubar afalatoksin. Dafuwa da suya ba sa kashe ta. Tana lalata hanta a hankali, tana jawo cutar dajin hanta, musamman ga mai ciwon hanta nau'in B. A tsince duk ƙwayar da ta yanƙwane, ta canja launi ko take da ɗaci, kuma kada a yi ƙuli-ƙuli da ita. A ɗora buhuna a kan katako, nesa da bango.

*Maganin ƙwari a wake.* Wasu na zuba maganin feshi irin su Sniper a cikin wake don kada ya yi ƙwari. Irin wannan sinadari ne ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015. Waken da ke warin magani kada a dafa wa yara. Buhun PICS mai rufi uku, wanda aka ƙirƙiro a jami'ar Purdue ta Amurka, yana kashe ƙwari ta hanyar toshe musu iska, ba tare da magani ba. Kada yaro ya taɓa yin feshi, kuma kada a ajiye maganin a robar lemo ko inda ake ajiye abinci.

*Ruwa da taki.* Ruwan kwata yana ɗauke da ƙwayoyin taifot, kwalara, atini da ƙwan tsutsar ciki, ɗanyen kashin dabbobi ma yana ɗauke da ƙwayoyin cuta. A bar taki ya ruɓe tsawon watanni kafin a zuba. A wanke duk abin da za a ci ɗanye da ruwa mai tsabta. Kada a tura yara ɗiban ruwa a kududdufi, domin ta nan ake kamuwa da tsargiya. Durom ɗin ruwa a rufe shi, saboda sauro da kuma ƙananan yara.

*Tsutsar ciki.* Akwai nau'in da ke huda fatar tafin ƙafa ya shiga, ya maƙale a hanji yana shan jini. Kada yaro ya shiga lambu babu takalmi, kuma ya wanke hannu da sabulu idan ya fito. A wuraren da tsutsar ta yi yawa ana raba maganinta a makarantu sau ɗaya ko biyu a shekara. Ku bar yaranku su karɓa.

*Girki.* Dafaffen abinci kada ya wuce awa biyu a ajiye ba a kan wuta ba. Mai girkin da ke gudawa, ko take da ciwo a hannu, ta huta har ta warke.

Yara masu lalura

Ku sanar da malamin aji tun farkon zango idan ɗanku yana da wata lalura. Mai sikila ya guji aiki a zafin rana da aikin ƙarfi, ya riƙa shan ruwa sosai, kuma kada a ba shi maganin ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe sai da izinin likita. Mai asma ya nisanci ƙura da hayaƙin ƙona yayi, kuma maganin shaƙarsa ya kasance tare da shi. Wanda gyaɗa, ƙwai ko kifi ke sa wa ƙaiƙayi ko kumburi, masu girki su san shi da suna. Mai ciwon suga ya ci bisa tsarin da likitansa ya yi masa.

Matakin da za ku iya ɗauka

Ku kai maganar taron iyaye da malamai ko kwamitin kula da makaranta. Ku nemi ganin jadawalin abincin mako, da ɗakin ajiya, da wurin girki. Ku tambayi daga wa ake sayen kaya. Wake da gyaɗa sun fi araha da kaka, don haka a saya a lokacin a adana da kyau. Idan makarantar ba ta ciyarwa, ku tabbatar yaro ya karya kafin ya fita, kuma maimakon kuɗin alewa da biskit, a ƙunsa masa ƙosai, dafaffen ƙwai ko lemu.

Yaushe za a je asibiti?

Ku kai yaro a duba shi idan tafin hannunsa ko cikin fatar idonsa ya yi fari, yana haki da ɗan ƙaramin aiki, yana cin ƙasa, yana ramewa, ba ya gani da dare, ko yana fitsarin jini. Ƙarancin jini ba daga abinci kaɗai yake zuwa ba. Zazzaɓin cizon sauro, tsutsar ciki da sikila duk suna kawo shi, shi ya sa ake gwaji kafin a ba da magani.

Ku garzaya asibiti nan take idan yara da yawa suka kama amai da gudawa bayan cin abinci ɗaya, ko yaro ya fara dalalar da yawu, gumi da wahalar numfashi bayan taɓa maganin ƙwari, ko fuskarsa da leɓensa suka kumbura bayan ya ci wani abu. Idan magani ne ya sha, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja ko madara. A cire masa kayan da maganin ya taɓa, a wanke jikinsa da ruwa da sabulu, a tafi da kwalbar don likita ya ga irinsa.