BAWALI: MA'ANARSA DA ABIN DA YA KAMATA MAIGIDA YA LURA DA SHI



Bawali shi ne fitsari. Asalin kalmar daga Larabci ne, "baul", kuma a bakin malaman fiƙihu muka fi jin ta, idan ana karanta babin tsarki a Ahalari ko Ishmawi. Abokin tafiyarta shi ne gayaɗi, wato kashi. Shi kuwa a Larabci asalinsa sunan kwari ne, wurin da ƙasa ta yi gangare, inda mutum ke zuwa ya ɓuya ya biya buƙatarsa. Ka ga daidai da yadda mu ma muke cewa "bayan gida".

Bahaushe mai kunya ne. A gaban manya ba ka cewa za ka yi fitsari, sai dai "zan kama ruwa" ko "zan zagaya". Wannan ladabi ne mai kyau. Amma a gaban likita da malami, ka faɗi abu da sunansa.

Ta fuskar addini, bawalin ɗan Adam najasa ne. Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin kaburbura biyu da ake yi wa masu su azaba, ɗayansu saboda rashin kiyaye kansa daga bawali. Don haka kada ka yi gaggawa, ka jira ɗigon ya tsaya sannan ka yi tsarki.

Haka nan Annabi (SAW) ya hana yin bawali a ruwan da ba ya gudu. Dubi tsargiya: ƙwan tsutsarta yana fita ne cikin fitsarin mai cutar. In ya faɗa kududdufi ko tafki sai ya ƙyanƙyashe, ya shiga jikin dodon koɗi, daga nan ya fito ya huda fatar yaron da ya shiga wanka.

To maigida da uwargida, in yaro ya ce yana ganin jini a ƙarshen fitsarinsa, wannan ba alamar balaga ba ce, kuma ba zafin rana ba ne. A kai shi asibiti a gwada fitsarin. Akwai maganinta, sunansa praziquantel. In aka bar ta ta daɗe tana lalata mafitsara, har ta taɓa ƙoda.

Yau da dare ka tambayi yaranka, musamman masu zuwa wanka a rafi. Da yawansu kunya ce ke hana su faɗa.

Allah Ya ba mu lafiya mai amfani. A tura wa 'yan uwa.