Dashen Haƙori: Ƙashi Ya Kama, Saura Dasashi

'Yan uwa ɗalibai, mu a nan Tudun Jukun da an ce an sa wa mutum haƙori, sai hankalinmu ya tafi kan haƙorin Makka ko na roba. Akwai na uku da nake so mu fahimta, wato dashe: likita ya ɗaura ɗan noti na ƙarfen titaniyam cikin ƙashin muƙamuƙi, sannan ya ɗora haƙori a kai.

Abin ya faro ne daga zomo. A 1952 wani likita ɗan ƙasar Suwidin, Per-Ingvar Brånemark, ya sa titaniyam a ƙashin ƙafar zomo, da ya zo cirewa sai ya tarar ƙashin ya riƙe shi gam. A 1965 aka fara yi wa ɗan Adam.

To, ƙashi ya kama, dasashi fa? A 1991 Berglundh da Lindhe da abokan aikinsu na Jami'ar Gotenbag sun gwada a bakin karnuka. Sun ga cewa a haƙorin da Allah ya halitta, zaruruwan dasashi suna nutsewa cikin saiwa. A jikin ƙarfe kuwa kwanciya kawai suke yi a gefensa. Ka ga ke nan ƙofar ba ta rufu sosai ba. In ƙwayoyin cuta suka samu hanya, dasashi ya kumbura, ƙashi ya zaizaye, dashen ya fara girgiɗi, kuɗi sun tafi.

Shi ya sa masu bincike ke shafe ƙarfen. Wasu na amfani da sinadarin da ke cikin ƙashi da haƙori don nama ya saba da shi, wasu da azurfa don ta kashe ƙwayoyin cuta. Sai a dasa wa dabba, bayan makonni a duba naman da madubin likita. A kare, dasashi kan ɗauki mako 6 zuwa 8 kafin ya gama rufewa. Amma fa bakin kare ba na mutum ba ne, dole a sake gwadawa a kan mutane.

Shawarata ga mai giɓi: kafin ka biya ko sisi, je ka ga ƙwararren likitan haƙori, ka tambaye shi lafiyar dasashinka. Taba sigari da ciwon sukari da ba a kula da shi suna hana warkewa. Kuma ko an dasa, buroshi da asuwaki ba hutu.