Yadda Ake Sulhu Tsakanin Manoma da Makiyaya a Musulunci

Tambaya: Idan rikici ya shiga tsakanin manoma da makiyaya saboda ɓarnar gona, har gari ya rabu biyu, yaya shari'a ta ce a sasanta su?

Amsa: Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ka sani ya ɗan'uwa, sulhu tsakanin ɓangarori biyu da suka saɓa farilla ce ta kifaya: idan wasu suka tsaya da shi, ta faɗi a kan saura, idan kowa ya naɗe hannu, duka sun yi laifi. A aya ta 9 cikin Suratul Hujurat Allah ya yi umarni da shi, kuma ya haɗa shi da adalci. Don haka tara mutane a ce su yafe wa juna, alhali haƙƙin wani yana wuyan wani, bai wadatar ba. Wutar da aka rufe da toka tana nan da ranta.

Abu na farko shi ne zaɓen mai shiga tsakani: mutum mai gaskiya wanda kowane ɓangare ya yarda da shi, ko limami, ko mai gari, ko arɗo, ko su haɗu. Kada ya yanke magana sai ya ji kowa, ya je gonar ya ga ɓarnar da idonsa.

Na biyu, a tabbatar da wanda ramuwa ta hau kansa. Imam Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa cewa taguwar Bara'u ɗan Azib ta shiga gonar wani ta yi ɓarna, sai Annabi (S.A.W) ya hukunta cewa tsaron gona da rana yana kan mai ita, abin da dabbobi suka ɓata da dare kuwa masu su ne za su biya. Amma idan makiyayi yana tare da dabbobinsa ya bar su suka shiga, zai biya ko da rana ce. Manomin da ya sare saniya don huce haushi shi ma zai biya, wanda ya nome burtali kuma sai ya buɗe shi. Idan an rasa rai, iyalan mamaci ke da ikon karɓar diyya ko yafewa, ba a tilasta musu, kuma a sanar da hukuma.

Na uku, a nemi mafitar da ba ta kunyata kowa. Lokacin da Ƙuraishawa suka sake gina Ka'aba, Annabi (S.A.W) yana da shekara 35, sun kusa yaƙi kan wanda zai ɗora Hajarul Aswad. Sai ya shimfiɗa mayafi, ya sa dutsen a kai, kowace ƙabila ta kama gefe, sannan ya ɗora shi da hannunsa. Kowa ya koma gida da rabonsa na ɗaukaka.

Daga nan a rubuta abin da aka amince a gaban shaidu: nawa za a biya, yaushe, ina burtali da mashaya suke, wane lokaci za a saki dabbobi bayan girbi. Sharaɗi ɗaya ne: kada sulhun ya halatta haram ko ya haramta halal. Haka kuma idan ɗaya ɓangaren ba Musulmi ba ne, adalcin bai canza ba.

Allah ne mafi sani.